Logarizim na Biyu da Ƙofar Zaurenmu

Ni ce 'yar malamin lissafin da ta fi kowa faɗuwa lissafi a ajinmu, kuma rabin Birnin Gwari ya san da haka, don Baba da bakinsa yake ba da labarin. Yakan ce Allah ya ba shi ilimi, ya ba shi 'ya, amma ya hana su gaisawa. A lokacin haushi nake ji har in ƙi cin abinci. Yanzu kuwa ko daga barci aka tashe ni zan zuba lambobin logarizim na biyu har inda numfashina ya tsaya, ba tuntuɓe, kuma da akwai mai iya cire mini su daga kai da na yi masa godiya.

Baba ya koyar a makarantar sakandare har gashinsa ya yi fari. A zamaninsa akwai wani ɗan littafi cike da lambobi da ake ba ɗalibai, kafin kalkuleta ta zo ta kashe masa kasuwa. A cikinsa an rubuta cewa logarizim na biyu shi ne 0.3010. Baba ya ce wannan rowa ce. Yadda yake bayani, idan kana son ɗari sai ka jera goma sau biyu ka ninka, idan dubu kake so sau uku. To idan biyu kake so fa? Ko sau ɗaya ya yi yawa, sai dai wani ɗan gutsure, kuma wannan gutsuren shi ne lambar. Ya ce ba ta da ƙarshe, ba ta maimaita kanta, masu littafin gajiya suka yi suka yanke ta a lamba ta huɗu. Shi kuwa tun yana kwalejin horon malamai ya samo jelarta a wani tsohon littafi ya haddace, don kawai a san ba kowa ne rago ba.

Da Turanci ake koyarwa, amma wannan lambar da Hausa yake rera ta, yana buga tebur da rula. Shi zai ce, "Uku, sifili, ɗaya, sifili," aji ya amsa gaba ɗaya, "Biyu, tara, tara, tara!" Daga nan sai ya ci gaba shi kaɗai, biyar, shida, shida, uku, tara, takwas, ɗaya, yana tafiya yana kallon yara ɗaya bayan ɗaya, har sai sun yi tafi. Wannan ya zama gaisuwarsa da tsofaffin ɗalibansa. Za mu shiga kasuwa, wani ƙato mai gemu da ke auna masara ya ɗago ya ce, "Malam, biyu, tara, tara, tara!" Baba ya yi murmushi ya ce, "Kai dai nan ka tsaya tun kana yaro." Ni kuma kunya ta kama ni in yi kamar ban san shi ba.

Abin da ya fi so game da lambar shi ne ba ta canjawa. Yakan ce gwamnati ta canja, kuɗi ya canja, abokai su canja, amma logarizim na biyu yana nan inda Allah ya ajiye shi. Inna, mahaifiyarmu, takan ce, "To Malam, a dafa shi mu ci mana." Haka suke yi tun ina ƙarama.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Ko lokacin da aurena ya mutu na dawo gida da keken ɗinkina da baƙin raina, abin da ya ce kawai shi ne, "Uwata ta dawo, a share mata ɗaki." Bai tambaye ni ba'asi ba, ni kuma ban manta masa wannan ba.

Asalinmu Kutemeshi ne. A can gonar gadonsa take, kuma tun kafin ya yi ritaya ba shi da zance sai na ranar da zai ajiye alli ya ɗauki fartanya. Ya samu ya yi wasu damuna a can, yana dawowa baƙi wuluk yana fara'a, da buhunan masara da dawa. Daga nan daji ya lalace. Mutanen da muke kira mutanen daji, don ko sunansu ba a son ambata da ƙarfi, suka hana noma, suka hana hanya. 'Yan uwanmu na can wasu suka taso suka dawo gari, wasu suka watsu. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, ya durƙusa ya roƙi Baba ya haƙura da gonar. Ya haƙura da baki. Amma kullum da hantsi zai zauna a zaure yana kallon sama, yana cewa yau da a can ne da an yi noman farko.

Mantuwar ta shigo a hankali, har muka daɗe muna yi mata dariya. Ya nemi tabarau alhali yana hancinsa. Ya tambaye ni ko na ci abinci, in amsa, ya sake tambaya. Ranar da na tarar da takalminsa a cikin randar ruwa na daina dariya. Bayan nan ya fara aiken yara su kira masa ƙanensa da ya rasu tun ina goye. Wata rana ya fita sallar la'asar a masallacin da yake sallah tun kafin a haife ni, wani maƙwabci ya tsince shi a bakin tasha yana neman hanyar gida.

Muka kai shi asibiti a gari. Ma'aikacin da ya duba shi ya ce ciwon tsufa ne da ke cin tunani, masu iya duba shi sosai suna Kaduna. Kaduna kuwa a lokacin, kafin ka hau hanyarta sai ka yafe wa kowa, kowa ya yafe maka. Wa zai ɗauki tsoho ya ratsa wannan dajin da shi don a gaya masa abin da ba shi da magani? Ma'aikacin ya ba mu shawara ɗaya. Ya ce irin wannan ciwon yana da ranar sauƙi da ranar tsanani, don haka kowace safiya mu tambaye shi wani abu da ya sani sosai. In ya amsa daidai a bar shi ya fita ya sha iska, in ya ruɗe a riƙe shi a gida.

Yaya ne ya zaɓi tambayar. Me Baba ya sani sosai? Ai ba sai an yi shawara ba. Ya nemo lambar a wayarsa, dogon layi har ya cika fuskar wayar, ya tura mini. Daga ranar aka kafa doka a gidanmu. Baba zai yi wanka, ya karya, ya sa babbar riga da hula, ya zo bakin ƙofar zaure. Ni zan tsaya da waya a hannu. Zai fara, "Sifili, ɗigo, uku, sifili, ɗaya, sifili," ni ina bi da yatsa. In ya kai inda ya saba tsayawa ba kuskure, Inna ta ce daga tsakar gida, "Alhamdu lillahi, yau lafiya lau," ya fita zuwa majalisarsu ta dattawa a gindin dalbejiya.

Baba ya so wannan doka fiye da kowa. Jarrabawa ce, shi kuma duk rayuwarsa a cikin jarrabawa ya yi ta, sai dai wannan karon shi ne ɗalibi, kuma kullum shi ne na ɗaya. Har tsokanata yake yi. Yakan tsaya a tsakiya ya ce, "Uwata, mene ne na gaba? Kar ki kalli wayar." In na yi shiru ya girgiza kai ya ce, "Kayya, har yau dai."

Ni ce na fara lura cewa bai taɓa faɗuwa ba. Ko sau ɗaya. Ranar da ya zuba gishiri a shayi ya shanye, lambobi sun zo daidai. Ranar da ya kalli Inna ya tambaye ta ko mai gidanta yana nan, lambobi sun zo daidai. Komai na cikin kansa yana zubewa kamar katangar ƙasa a tsakiyar damina, wannan abu ɗaya yana tsaye ƙyam. Sai na gane ba lafiyarsa muke aunawa ba. Mun je mun zaɓi abin da zai zama na ƙarshen barinsa, muka mai da shi ma'auni.

Na faɗa wa Yaya. Ban iya magana a hankali ba, ban taɓa iyawa ba. Na ce, "Yaya, wannan jarrabawar taka ta banza ce. Ko bai san inda yake ba zai kawo lambobin nan. Bakinsa ne ya haddace, ba shi ba. A sa kwaɗo a ƙofar nan kafin mu yi kuka."

Yaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke da ko jadawalin sau bakwai ba ki iya ba, ke za ki ce mutumin da ke kawo wannan ba ya cikin hankalinsa? Ki gwada kawo rabinsu mu gani."

Na ce, "Ai yanzu na iya su duka, kuma ban san me suke nufi ba. Ka ga kenan."

Inna ce ta kashe maganar. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Mutumin da ya koyar da garin nan kaf za ki kulle kamar akuya? Ina raye? Me za a ce da ni? Ki bari in mutu tukuna sai ki sa kwaɗonki." Na san ba taurin kai ba ne. Safiyar nan da take cewa yau lafiya lau, ita ce kaɗai lokacin da take samun mijinta a yini, kuma ni ina so in ƙwace mata. Na koma kan kekena ina taka shi kamar shi ya yi mini laifi.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a wannan shekarar da asuba, gari ya waye ƙasa na ƙamshi. Baba ya fito da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ya tsaya bakin ƙofa ya zuba lambobinsa, har ya wuce inda ya saba tsayawa, ya ƙara wasu, na duba waya na ga duk daidai ne. Inna har guɗa ta so yi. Ya ce, "Uwata, sai na dawo." Na ce Allah ya kiyaye. Sai daga baya muka ga an buɗe tukunyar da Inna ke ajiye irin masara, an ɗiba.

Azahar ta yi bai dawo ba. Na aika majalisa, dattawa suka ce yau ba su gan shi ba sam. Na yafa mayafi na fita da kaina, masallaci, kasuwa, tsohuwar makarantarsa, gidajen abokansa. A tasha wani ɗan acaba ya ce ya ga Malam ya shiga wata a-kori-kura mai zuwa ƙauyukan gabas. Da yamma aka samo direban. Tsohon ɗalibinsa ne. Ya rantse da Allah Malam lafiyarsa ƙalau, sun gaisa, har sun yi biyu tara tara tara suna dariya. Ya ce ya sa shi a gaba don girmamawa, ya ƙi karɓar ko sisi, ya sauke shi a wata mararraba saboda Malam ya ce ɗansa zai zo ya ɗauke shi a babur zuwa gona. Mutumin yana magana yana hawaye. Na so in zage shi, na rasa ta inda zan fara, don abin da ya ruɗe shi shi ne ya ruɗi gidanmu.

Yaya ya tafi da 'yan sa-kai washegari har mararrabar. Suka tambayi masu shayi da masu faci, wani ya ce ya ga tsoho da farar riga ya bi wata 'yar hanya ya shiga. Daga nan 'yan sa-kai suka ce iyakarsu kenan, gaba ba tasu ba ce. Yaya ya ce zai shiga shi kaɗai, suka riƙe shi da ƙarfi suka ɗora a babur. Ya dawo gida rigarsa a yage, ya zauna a ƙasa a tsakar gida kamar yaro. Ban ce masa ai na faɗa ba. Maganar ta zo har bakina, ta yi ɗaci, na haɗiye.

Sai jira. Duk wanda ya zauna a ƙasarmu a shekarun nan ya san wannan jiran. Kana ajiye waya a gabanka, kana tsoron ta yi ƙara, kana kuma roƙon Allah ta yi ƙara. Na kai matsayin da nake fatan a ce mutanen daji ne suka ɗauke shi, don su aƙalla za su kira, za su ba shi ruwa saboda yana da amfani a wurinsu. Ka ji irin addu'ar da 'ya take yi wa ubanta. Wayar ba ta yi ƙara ba sai ta masu jaje. Mata suna shigowa suna fita, kowace da labarin wani da ya ɓace aka gan shi, ko ba a gan shi ba. Inna ta daina cin abinci. Kullum da safe sai ta ɗora ruwan wankansa a wuta, ya tafasa, ya huce. Ruwan sama kuma bai fasa ba, kullum sai ya sauka, ni kuma ina tuna ko hular kirki bai ɗauka ba.

Ran kasuwa da hantsi wani mai kemis ya yi sallama a ƙofarmu yana haki. Shi ma ɗalibin Baba ne a da. Ya ce wani Bafulatani dattijo ya shigo shagonsa yana neman maganin ciwon ƙafa, ya ce ba nasa ba ne, na wani tsoho ne da suka tsinta yana rugarsu. Sun tambaye shi sunansa bai sani ba, garinsu bai sani ba, sunan 'ya'yansa bai sani ba. Ba ya cewa komai sai ƙirge, kuma ƙirgen ba ya tafiya daidai irin na mutane. Mai kemis ya ce wane irin ƙirge? Dattijon ya ce, wai uku, wai sifili, wai ɗaya, wai sifili. Mai kemis ya ce bai san lokacin da bakinsa ya ce biyu, tara, tara, tara ba. Dattijon ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Shi ke nan! Ashe ɗan'uwanka ne."

Muka ruga shagon ni da Yaya. Dattijon yana tsugune a gefe, ya ja malafarsa ta rufe rabin fuska, sai waige-waige yake yi. A lokacin nan Bafulatani ya shigo gari da labarin yana da mutum a daji ba ƙaramin ganganci ba ne, ana iya rufe shi da duka kafin a ji ƙarshen zancensa. Shi ma ya san haka. Ya ce, "Don Allah kar ku tara mini jama'a. Mu ma shanunmu an kwashe, mu ma gudu muke yi. Gobe da safe zan kawo shi bakin gari, ku zo ku biyu kawai."

Na tambaye shi a ina suka gan shi. Ya ce a wata saura da ba a noma ba tun da aka gudu, ciyawa har ƙugu. Ya ce tsohon yana tafiya a layi, ya zaro ƙwaya daga aljihu ya jefa, ya rufe da diddige, ya taka gaba, ya sake jefawa. Ba rami, ba fartanya, cikin ciyawa kawai. Aljihun ma ya daɗe da ƙarewa, hannu kawai yake sawa ya fito da shi wayam ya jefa. Ba gonarmu ba ce, ko kusa da Kutemeshi bai kai ba.

Washegari ya kawo shi a bayan babur, an ɗaure shi da rawani a jikin mai tuƙin don kar ya faɗi. Ƙafafunsa sun kumbura, ƙaya ta yayyage su, an shafa musu man shanu an naɗe da tsumma. An sa masa wata riga da ba tasa ba. Yaya ya ciro abin da ke aljihunsa zai ba dattijon, ya ƙi karɓa, ya ce a yi musu addu'a kawai, suka juya da sauri. Na durƙusa na kama hannun Baba na ce, "Baba, sannu. Ni ce." Ya dube ni da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa, ya ce, "Sannu, baiwar Allah." Tun daga ranar bai sake ce mini Uwata ba.

A ranar Yaya ya kira kafinta ya sa wa ƙofar zaure sakata da kwaɗo ta ciki. Ba wanda ya yi musu. Inna tana ɗaki ta toshe kunne da gefen zane don kar ta ji bugun guduma. Da aka gama Yaya ya miƙa mata makulli, ta ɓoye hannayenta a baya ta ce, "Ni ba zan kulle Malam ba. Ba wa wadda ta nema." Shi Yaya gidansa daban, yana da iyali da shago. Haka makullin ya dawo wuyana a jikin zare. Na ci gardama, kuma ban taɓa cin abin da ya fi wannan ɗaci ba.

Ƙafafun suka warke. Ranar da ya fara iya takawa sosai, ina zaure ina ɗinki, sai na ga ya fito da babbar riga da hula, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara murya. Ya manta sunansa, ya manta matarsa, ya manta ya taɓa ɓacewa, amma bai manta dokar ba: in ka kawo lambobi daidai, ƙofa za ta buɗe. Ya zuba su tas. Ya tsaya yana kallona yana jira.

Na yi masa bayani. Na ce hanya ba lafiya, na ce ya ji ciwo, na ce likita ya hana. Ya saurara da kyau, ya ce to, ya koma ciki. Kafin in gama ɗinke hannun riga ɗaya ya dawo, ya gyara murya, ya fara daga farko. Sabuwar doka ba ta da inda za ta zauna a kansa, tsohuwar ce ta samu shiga kafin a rufe.

Mun gwada dabaru. Yaya yakan zo da yamma ya riƙe hannunsa su je masallaci su dawo, amma wannan ba ya shiga lissafin Baba, shi fitar da ya ci da jarrabawarsa yake so. Na share masa wani lungu a bayan ɗaki na ce ga gona, ya dubi wurin ya dube ni ya ce, "Wannan ai makewayi ne." Tsofaffin ɗalibansa suka riƙa zuwa gaishe shi, in sun tashi tafiya sai ya bi su har ƙofa, in buɗe musu in tare shi da jikina, su fita suna sunkuyar da kai. A hankali suka rage zuwa, ban kuma ga laifinsu ba.

Wata safiya Yaya yana nan, ya ce shi ya san maganin abin. Baba ya gama kawowa, Yaya ya ce, "Baba, yau ka yi kuskure. Sai gobe." Ban taɓa ganin fuska ta rushe haka ba. Baba ya ce, "Kuskure? A ina?" Ya sake farawa a hankali yana ƙirgawa da yatsu. Ya kai ƙarshe ya ce, "A ina?" Ya sake. Hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Ba ta canjawa, ai ba ta canjawa." Yini guda bai ci ba, bai zauna ba, yana zagaya tsakar gida yana neman kuskuren da babu. Yaya ya fita bai yi sallama ba. Na yi wa kaina alkawari a ranar, zan hana shi ƙofa, amma ba zan hana shi lambarsa ba, don ita kaɗai ta rage masa.

Mutane suna cewa yanzu hanya ta yi sauƙi, wasu har sun koma gonakinsu. Allah ya sa ya ɗore. Mu dai a gidanmu ba abin da wannan ya canja, don ba mutanen daji ne kaɗai za su ɓatar da shi ba, kwanar layinmu ma ta isa. Damina ta sake zagayowa. In ƙasa ta yi ƙamshi abin ya fi tsanani, sai ya zo ƙofar sau da yawa kafin azahar, aljihunsa cike da tsakuwa da ya tsinta a tsakar gida. Inna takan shige madafa ta ƙara wa wuta itace ko da ba abin da take dafawa.

Yau da safe ma ya zo. Na tsayar da keke. Ban ɗauko waya ba, na daɗe da daina buƙatarta, leɓena ne ke binsa a ɓoye. Uku, sifili, ɗaya, sifili, biyu, tara, tara, tara, biyar, shida, shida, uku, har ƙarshen abin da ya sani. Ya tsaya, ya ɗaga haɓa kamar yadda yake yi a gaban aji in yana jiran tafi.

Ya ce, "Na yi kuskure?"

Na ce, "A'a, Baba. Daidai ne duka."

Ya ce, "To buɗe mini mana, baiwar Allah. An yi ruwa, za a riga ni shuka."

Makullin yana ƙirjina a ƙarƙashin riga, ina jin sanyinsa. Na ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

Ya daɗe yana kallon kwaɗon. Can ya gyaɗa kai, kamar wanda ya gane cewa mai jarrabawar ce ba ta ji da kyau ba. Ya matso kusa da ni, ya gyara hularsa, ya ɗaga murya kaɗan don in ji sosai, ya sake farawa daga sifili.